Takalman Baba

Illela, 12 ga Maris 1974

Zuwa ga yayana Jibo, ma'aikatar siminti, Malbaza.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Bayan haka, mun dawo da Baba daga gidan likita na Konni. Lokotoro, wato likitan da ya duba shi, ya ce zuciyarshi ce ta buga ran da ya faɗi bakin rijiya, amma Allah ya taƙaita. Ya ce Baba ya kwanta sati biyu. Daga nan ya riƙa takawa kullum, yau zuwa zaure, gobe zuwa masallaci, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan, don zuciyar ta saba kafin damina. Aikin gona kuwa sai bayan wata uku. Inna tana gaishe ka.

Ƙanenka, Chindo.

Malbaza, 20 ga Maris

Chindo,

Na gaishe ku duka. Wane irin takawa kuma? Mutumin da muka ɗauko kamar gawa za a ce ya tashi yawo? Nan wurinmu akwai wani Mutari mai lodin buhuna, irin ciwon nan ya kama shi, kwana goma ya koma aiki, gabana ya faɗi bai shura ba. Lokotoro bai san Baba ba, ni na san shi. In ka bar shi ya kai masallaci yau, gobe a gona za ka same shi. Ya kwanta har ya warke sarai. Ka san ba ya taka ƙasa ba takalmi, to ka ɓoye su, kada ko Inna ta sani. Ban son gardama.

Yayanka, Jibo.

Illela, 9 ga Mayu

Yaya,

Bayan gaisuwa da ladabi. Na yi yadda ka ce, takalman suna cikin rumbu. Wata biyu ke nan Baba a ɗaki, salla ma a zaune yake yi. Ƙafafunshi sun zama kamar karan dawa. Jiya ya ce mini, "Chindo, ƙafata ta manta hanyar masallaci." Wallahi, Yaya, sai da na fita waje na share hawaye. Inna ta birkice gida tana neman takalman, har ta zargi karen maƙwabta. Ka yi mini izini in riƙe hannunshi mu taka ko zuwa zaure ne, kamar yadda aka ce tun farko. Ina jiran amsarka.

Chindo.

Malbaza, 18 ga Mayu

Chindo,

Lafiya lau muke. Ka ƙara haƙuri. Zan samu hutu bayan shuka, in na zo na gan shi da idona sai mu san abin yi.

Jibo.

Illela, 14 ga Yuni

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba ya rasu jiya da hantsi, mun kai shi bayan azahar.

Shekaranjiya aka yi ruwan shuka, irin wanda rabonmu da gani tun kafin farin nan. Ka san al'adar gidanmu, ba mai zuba iri sai Baba ya yi saran farko da sunguminshi. Na roƙe shi ya bari in yi bana, ya yi shiru, na ɗauka ya yarda. Ina can ina auna iri, ashe ya dafa bango ya fita, ƙafa ba takalmi. Mutumin da wata uku bai taka zaure ba, ya taka har gonar fadama a tashi ɗaya. Na tarar ya yi sara bakwai, yana kwance kusa da na takwas. Da na ɗago shi ya ce, "Ku zuba iri kafin ƙasa ta sha iska."

Ba laifi nake ɗora maka ba, Yaya, ni na sa su cikin rumbu da hannuna. Amma na kasa daina tunanin da mun bar shi yana takawa kullum, wataƙila da zuciyar ta ɗauki tafiyar nan. Inna, da ta ga ƙayoyi a tafin ƙafarshi, tambaya ɗaya take yi, wa ya ɗauke mishi takalmi. Ban ce mata komai ba.

Chindo.

Malbaza, 16 ga Yuni

Ƙanena Chindo,

Allah ya jiƙan Baba, ya ba mu haƙuri. Na yi nadama, ban san inda zan sa kaina ba. Ina tafe gobe a motar siminti. Kada ka fito da takalman, kada ka amsa ma Inna. Ni zan hau rumbun in ɗauko su a gabanta.

Jibo.