Wanda Ya Kashe Kifayen Farko

Da sunan Allah mai rahama. Ni ce Mawahib, 'yar Adarob mai kwalekwale, ta unguwar Salabona a Bur Sudan. Shekaruna goma sha shida. Da hannuna nake rubuta wannan, hankalina yana nan daram, zuciyar ce kawai ta gaji. Na ji abin da likita ya faɗa wa Baba a bakin ƙofa, duk da ya rage murya. Ban haifa ba, amma tun rasuwar Umma ni na goya ki, Taisir, ni kuma nake wanke maka kaya, Onur. Don haka ku biyu, ƙannena, nake wa wasiyya. Kun san ban iya magana a gaban mutane ba, takarda ta fi mini sauƙi.

Na ɗaya. Shuɗin mayafina da 'yan kunnen Umma na Taisir ne. Littattafaina na firamare ma nata ne, ta wuce inda na tsaya. Onur ya ɗauki tocilan. Bokitin Gwaggo Madina da na ara, a wanke a mayar mata.

Na biyu. Akwatin kifi naku ne ku biyu, kada a raba, kada a sayar. Baba ya haɗa shi da gilashin tsohuwar taga a shekarar da aka hana ni shiga teku saboda ciwon zuciya. Ya ce, "Tunda ba za ki je wurinta ba, sai ita ta zo wurinki." Onur, kai ka yi nitso ka ɗebo duwatsun, ka kawo su cikin ruwansu don kada abin da ke jikinsu ya mutu. Kwana uku ina jera su, kana tsaye a kaina kana cewa, "Yaya, wai gida kike gina wa kifi ko masallaci?" Kada ku rushe jerin. Babban dutse yana zaune a kan gilashin ƙasa, ba a kan yashi ba, don kaguwa tana tona yashi. Kogon da ke tsakiya wurin ɓuyan kifi ne. Ku bar faɗin yatsu uku tsakanin dutse da gilashi saboda gogewa. Murjanin teku mai rai da ke tsirowa a jikin dutse, wanda ke son haske yana sama, mai laushin nan da ke rufe kansa in an taɓa shi yana ƙasa.

Na uku. Abincin kifi sau ɗaya a rana, abin da za su cinye kafin ki ƙirga ɗari. Taisir, wannan naki ne. Na san kina ƙara musu in na juya baya, kina cewa suna kallonki da ido. Haka idonsu yake. In an ɗauke wuta injin da ke juya ruwan ya tsaya, ki riƙa ɗiban ruwan da kofi kina zubawa daga sama. In zafi ya yi yawa, jiƙaƙƙen tsumma a jikin gilashi. Kada hannu mai sabulu ya shiga.

Na huɗu. Wannan shi ne ya sa na ɗauki biro, sauran duk kewaye-kewaye ne.

Bara, kifayenmu na farko kafin waɗannan na yanzu, masu ruwan lemo da fararen ratsi biyu, sun mutu rana ɗaya, murjanin kuma ya yi fari fat. Taisir ta ce ta ga Onur ya sa hannu a ciki bayan ya taɓa man injin kwalekwale. Baba ya mare ka, Onur, a gaban maƙwabta. Ka ce, "Wallahi Baba na wanke hannuna," ya ce rantsuwar ma ƙarya ce. Tun ranar ba ka ƙara cin abinci a tire ɗaya da Taisir ba. Kana kiranta "rediyo", kana kwana a kwalekwalen Kawu.

Ba kai ba ne, Onur. Ni ce.

Akwai layin da na ja da jan farce a jikin gilashi. Kullum zafi yana shan ruwan, ya sauka ƙasa da layin, sai a cika. A lokacin nan mai kawo ruwa a jaki ba ya zuwa sai bayan kwana huɗu, muna auna na sha da kofi. Na ji kunyar a gan ni ina zuba wa kifi ruwan da Baba bai samu ya yi wanka da shi ba. Na ce a raina, ai kifin teku ne, ga teku a bayan gida. Na riƙa cikawa da ruwan teku har sati biyar. Bayan sun mutu na tambayi Tsoho Hamad mai gyaran taru, kamar wata ce ta aiko ni. Ya yi dariya ya ce, "Gaya wa mai aikenki ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan zaune. Ta jiƙa kifinta a gishiri kamar mai shirin shanya shi." Na dawo gida na same ka kana haɗa kayanka. Na buɗe baki na rufe. Shekara guda ke nan ina buɗewa ina rufewa.

Ka yafe mini. Taisir ta faɗi abin da ta gani ne, shekarunta takwas a lokacin. Ke kuma Taisir, ki karanta wa Baba wannan wurin da ƙarfi, Gwaggo Madina da sauran maƙwabta suna zaune, tunda a gabansu aka yi marin. Baba, kada ka ɗora wa kanka. Da na yi magana da ba ka ɗaga hannu ba.

Na biyar. In ruwa ya sauka, da ruwan daɗi, wato na sha, ake cikawa, kofi biyu kowace safiya. Ruwan teku sai ranar Juma'a, a kwashe jarka ɗaya a zuba sabuwa. Onur, kofi biyun nan kai na bar wa. Taisir ba ta kai bakin akwatin da jarka ba, Baba kuma yana fita tun asuba. In ba ka kwana a gida ba, babu mai yi. Na san dabara ce, kai ma ka sani. Ba ni da wata.

In abin ya gagare ku, kada ku bari su mutu a ɗaki. Ku mayar da su inda aka ɗebo duwatsun, ku je tare.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare Baba a kan ruwa, ya jiƙan Umma. Ku yi mini addu'a. Ku riƙe juna, ku riƙe Baba, don ku uku kuka rage. Onur, ban ce sai bayan na tafi ba. In takardar nan ta same ka ina da sauran numfashi, ka zo mu ci abincin rana mu huɗu.

Yayarku, Mawahib.