Farfesun da Ya Cinye Binciken Matata

Anti Kausar, ki taimake ni, gidana na neman kifewa a kan kawunan kifi.

Bari in fara da yabo. Boko ya yi, masha Allah. Matata Mubina, 'yar Gwale da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi na Tiga ba, yau ita ke ƙirga wa kifin teku shekaru. Wai akwai wani ɗan dutse a cikin kansa, kamar ƙwayar shinkafa, da shi ake gane ko masunta na kama shi tun bai hayayyafa ba, ko kuma ɗumamar ruwa ta hana shi girma. Ni mai sayar da turare a unguwar Bukit Bintang, nan Kuala Lumpur, ina ni ina wannan zurfin?

Sai dai ilimin ya zo da gyara, wato Fa'iz, abokin bincikenta. Fa'iz ya iya nutso. Fa'iz ya iya Malay, yaren mutanen nan. Fa'iz ya san sunan kowane kifi har da na kakansa. Ni kuwa da na koya mata hawa jirgin ƙasa a garin nan, aikina ya koma yi mata tapau, wato sayo mata dafaffen abinci a waje, in ta dawo a gajiye.

Kwanaki suka je gabar teku, ta dawo da kawunan kifi a ledoji, ta cika firizarmu ta gida a unguwar Titiwangsa, wai ta makaranta ta lalace. Ranar Lahadi abokaina suka zo kallon ƙwallo, na yi musu farfesu da kawunan. Tsautsayi ne, Anti. E, akwai rubutu a jikin ledojin, amma hannun Fa'iz ne, kuma ba ya karantuwa sosai.

Ba ta yi mini faɗa ba. Zama ta yi a ƙasan kicin tana tone kwandon shara, tana tsintar ƙashi. Sai ta ɗauki waya. Ga ni tsaye a kanta, amma shi ta kira.

Yanzu wai dole su koma kafin damina ta hana jiragen masunta fita, in ba haka ba shekara ta wuce, tallafin karatunta ya ƙare. Ina da ikon cewa ba inda za ta. In faɗa?

Mai Turare, Kuala Lumpur

Malam Mai Turare, kada ka faɗa.

Ban raina kishinka ba. Jin sunan wani namiji safe da yamma a bakin matarka yana da ciwo, kuma ya kamata Mubina ta lura. Sai dai na karanta wasiƙarka sau biyu, ban ga abin da ta yi ba ban da karatu. Mutumin da ya gane hannun Fa'iz a jikin leda kuwa ya san abin da ke cikin ledar.

Ka ba ta haƙuri, ban da kalmar tsautsayi. Bayan ta huce, ka gaya mata abin da ke cin ka a fili, ba ta hanyar tukunya ba. Sannan ka bar wa wani shagon, ka raka ta tekun, ka riƙe mata kular ƙanƙara, ku gaisa da Fa'iz ido da ido. Idan ka hana ta, digirin zai tafi, kuma duk ranar da ta ga kifi kai za ta tuna.

Allah ya daidaita ku, ya ba ta sa'a. Amma kafin ka ƙara ɗora laifi, wa ya shirya musu wannan tafiya ta biyu, Fa'iz ko mai farfesu?