Likkafanin Lalla Yakut

Safru, ranar Laraba

Zuwa ga ƙanena Amram,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Kolet da yara. Allah ya ba mu haƙurin rashin mahaifiyarmu Imma, ya sa ta huta, ya tsare mana sauran da suka rage. Mu nan lafiya, gwargwadon lafiyar mai makoki. Ƙafar Kawu Pinhas ta saɓe, har ya koma zagin likita, ka san ke nan ya warke. Itacen ceri na bayan gida ya yi 'ya'ya har rassa suna jan ƙasa, ba mai tsinka sai tsuntsaye. A majami'a har yanzu ana cika maza goma na ibada, amma sai an je an taso Mimun kurma daga barci. Ina fata kai a Marsel ta Faransa, inda mutanenmu suka fi duwatsun kogi yawa, kana samun goman, kana yi wa uwarka addu'ar da ta hau kanka.

Takardarka ta iso, na karanta ta a tsaye, don da na zauna da ban iya tashi ba saboda haushi. Abu biyu ka ce. Na farko, in rufe gida in taho wurinku kafin hunturu, tun da ba abin da ya rage mini a nan. Na biyu, wai yaya aka yi na bar Lalla Yakut, matar da ta yi shekara da shekaru tana gaba da Imma, ta sa hannu a gawarta. Har ka kira matan hebra, ƙungiyarmu ta wankan mamata, tsofaffin hankaki masu jiran gawa. Amram, ni na koya maka riƙon alƙalami, ban san wata rana da shi za ka tsokane mini ido ba. Ba na tuhumarka da rashin zuwa jana'iza, ba jirgin da zai kawo ka a wuni ɗaya. Amma wanda bai ga abu ba, sai ya tambaya kafin ya yanke hukunci. Zan ba ka labari yadda ya faru, amsar maganarka ta farko kuma tana cikinsa.

Ka tuna yadda majami'armu take muna yara, kowa da 'yar ƙungiyarsa: masu waƙoƙin asubar hunturu, masu karatu a kan marasa lafiya, masu aurar da marayu. Duk sun watse, wasu Kanada, wasu Faransa, wasu Isra'ila, wasu maƙabarta. Wadda ta rage da rai ita ce hebra ta masu wankan gawa, maza nasu, mata nasu. Matan huɗu ne: Imma mai ɗinkin likkafani, Lalla Yakut shugabarsu, Izza, sai Donna da hannunta ke rawa. Kowace Talata da la'asar suna haɗuwa a ɗakin bayan majami'a, su yi ɗinki, su sha shayi.

Ka kuma san tushen gabar, amma bari in tuna maka, don kana cikin waɗanda suka ci naman. Asabar ɗin bikin ɗan Yakut, mai tanderun unguwa ya musanya tukwanen sahina, abincin Asabar da ke kwana a tanderunsa. Ta Yakut, mai ƙafar bijimin sa da ƙwai da dabino, ta zo gidanmu. Tamu, wake da alkama da ƙashi ɗaya tal, ta tafi gaban baƙinta daga Fas. Kafin a gane, kai da Baba kun suɗe har gindin tukunya. Imma ta je ba da haƙuri, Yakut ta rufe mata ƙofa a fuska, Imma kuma ta rantse ba ta sake zuwa. Tun daga ranar ba gaisuwa. Amma ba wadda ta bar hebra. Gwiwa da gwiwa suke zama, Izza ce wayarsu. Yakut za ta ce, “Izza, gaya wa mai tukunya ta miƙo almakashi.” Imma ta ce, “Izza, gaya wa sandar rake almakashi yana ƙarƙashin zamanta.” Haka suka yi ta wanke matattun garin nan tare, tun kafin ka fara gemu.

Imma ta cika ranar Juma'a da hantsi. Ka san abin da hakan ke nufi: in ba a binne ta kafin rana ta faɗi ba, Asabar ta shigo, ranar da ba ma binne gawa, sai ta kwana biyu a ƙasa tana jira. Na buɗe akwatinta in ɗauko likkafaninta, wanda ta ɗinka da hannunta tun shekarar da Baba ya rasu, ranar da ta raba alewa mata suka yi guɗa. Akwati wayam. Sai farin yadi da aka yanka rabi, allura a soke a gefensa. Izza ce ta gaya mini, tana kuka, cewa a hunturun da ya wuce wata baƙuwa daga ƙauyukan dutse ta mutu a gidan gajiyayyu, ba dangi ba komai, Imma ta ɗauko nata ta bayar, ta ce za ta ɗinka wani. Yatsunta kuwa sun riga sun ƙage. Na tsaya a kan gawar uwata ina yi mata faɗa, wallahi, kamar tana jina. Na ce kin yi wa duk garin nan sutura, ke ki tafi a zanen gado? Hula, riga, wando, ɗamara, mayafi, duk da hannu, ba wanda zai gama su kafin la'asar.

Ina cikin wannan sai ga Lalla Yakut a bakin ƙofarmu, ƙofar da ba ta taɓa ƙetarewa ba tun kana yaro. Na tare hanya. Abin da ka rubuta a takardarka, ni na riga ka faɗa, kuma nawa ya fi naka kaifi. Na ce mata da ranta ba ki gaishe ta ba, yau kin zo ki ga tsiraicinta? Ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce, “'Yata, matsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, rana kuma ba ta jiran bakinki.” Na ce ni zan wanke uwata da kaina. Ta ce 'ya ba ta wanke uwa, ni ma na sani, ko littattafan Faransa sun goge mini wannan? Sannan ta ɗora mini ƙunshi a hannu. Na kwance. Likkafani ne cikakke, fari fat, yana ƙanshin ganyen lemo. Tun daga ɗinkin wuyan na gane hannun Imma.

Nata ne, Amram. Na Yakut. Ashe shekarun baya ta aiko Izza da yadi, Imma ta karɓa. Da Izza ta tambaya ko a kawo awo, Imma ta ce a gaya wa sandar rake ba sai an auna ta ba, ai ta daɗe tana tare mata gani a majami'a, ta san tsawonta har da ƙari. Kuma ya yi mata daidai. Shi Yakut ta ɗauko daga ƙasan akwatinta ta kawo. Ta wuce ni tana naɗe hannun riga, tana cewa, “Ta cinye tukunyata, yau kuma za ta tafi da likkafanina. Matar nan ba ta taɓa barin mini komai ba.” Hawaye yana bin haɓarta tana faɗa.

Aikin yana son mutum huɗu, biyu su riƙe, biyu su zuba, sai matar mahauci ta cike musu gurbin. Suka rufe ɗaki, ni na zauna a ƙasa a bakin ƙofa, gaban rigata a yage kamar yadda mai makoki ke yi. A ɗakin wanka ba a zancen duniya, don haka ban ji muryar kowa ba. Ruwa kawai na ji. Ka san ƙa'idar, ba a yarda ruwan ya yanke: kafin bokitin farko ya ƙare na biyu ya fara, kafin na biyu ya ƙare na uku ya karɓa. Na sha jin ana faɗa, ban taɓa saurara ba. Tsofaffi uku da ba sa iya hawa bene sai sun huta, amma ruwan nan ya zubo kamar igiya ɗaya, ba tsinkewa, ba gargada, kamar kogin Aggai ne ya ratso ta ɗakin Imma. Na yi shekara ashirin ina karantar da yara abin da manyan marubuta suka faɗa a kan mutuwa, kuma ba na raina su, amma ranar ce na fara jin an yi mata magana da harshen da take ji.

Da ruwa ya tsaya, sai muryar Yakut, tana neman gafara kamar yadda shugaba take yi. Ta kira ta da sunanta, sunan da ba ta furta ba tun Asabar ɗin tukunya. Ta ce, “Sa'ada 'yar Luna, duk abin da muka yi don darajarki muka yi. In mun gaza, ki yafe mana.” Ba Izza a tsakani. Aka buɗe mini ƙofa in yi sallama. Ka san Imma ba ta kai kafaɗar Yakut ba. Likkafanin ya yi mata tsawo, sun ninke ƙafafun wando, sun naɗe hannuwa sau biyu, ta koma kamar yarinyar da ta ari kayan yayarta ranar idi. Fuskarta kuwa ban taɓa ganin ta haka ba, kamar wadda ta ci gardama. Maza suka ɗauke ta, aka binne ta rana tana kan itatuwan zaitun. Na kunna kyandir ɗin Asabar a kan lokaci.

Kwana bakwai na zaman makoki Yakut ba ta yi fashi ba. Takan zo ta zauna a ƙasa, ta kushe shayina, ta tafi. Rana ta ƙarshe da ɗaki ya rage mu biyu, na tambaye ta abin da na daɗe ina son sani: duk wannan gaba a kan ƙafar sa ɗaya? Ta harare ni, ta ce ni da ake ce wa mai ilimi ashe ban da kai. Wa ya damu da ƙafar sa? Baƙin Fas sun ci waken Imma, suka tashi suna sa wa Yakut albarka, suna cewa ba su taɓa cin sahina irin wannan ba. Mijinta har ya mutu yana tambayarta me ya sa ba ta ƙara dafa irin ta ranar biki ba. Ta gwada kirfa, ta gwada zuma, ta gwada albasa ƙonanna, a banza. Ta ce, “Uwarki da ƙashi ɗaya ta kunyata ni a gidana, kuma ta zo wai tana ba ni haƙuri! Da ke ce, za ki yafe?” Na yi dariya har na shaƙe, a ranar makoki, Allah ya yafe mini. Ita ma ta yi. Daga nan muka koma kuka.

Da za ta fita ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce yanzu dai ita tsirara take, in ta mutu gobe a me za a sa ta? Matar mahauci ta riga ta ɗaure kaya, wata mai zuwa sai Kanada. Sun koma uku, kuma uku ba sa wanka. Ta ce ba roƙona take ba, ta ji ana cewa ƙanena yana kirana Faransa, in tafi lafiya, can ma ana mutuwa. Sai dai ta bar mini rabin yadin nan na Imma a kan tebur, da allurar a jiki.

Akwatin tafiyata yana buɗe a kan gado tun kafin takardarka ta zo, ka sani. Na so tahowa. Ina so in ga yaranka Dani da Nurit suna girma, ina so in shiga shagon littattafai ba sai na hau mota zuwa Fas ba. Amma Talata ta yi, na tsinci kaina a ɗakin bayan majami'a. Suka matsa mini a wurin Imma, ba wadda ta ce sannu da zuwa. Na zare zare, na ƙulla bakinsa kamar yadda kowace mace take yi, na ɗinka rabin hannun riga ina jin kaina gwana. Yakut ta karɓa, ta shafa, yatsanta ya ci karo da ƙullin. Ta ce, “Izza, gaya wa malama...” sai ta tsaya. Ta juyo ta dube ni ido cikin ido, ta ce, “Hasiba, warware. Likkafani ba ya ƙulli. So kike ki ɗaure ni a duniyar nan tare da ciwon bayana?” Na warware duka. Ashe zaren a sake ake barinsa, farko da ƙarshe, don kada wani abu ya riƙe mai tafiya.

To ga amsarka. Ba zan zo kafin hunturu ba, ban kuma san wane hunturu zan zo ba. Matar nan ta tufatar da uwarmu da abin da ta tanada wa kanta, ba zan bar ta ta tafi a zanen gado ba, kuma ba zan bar ruwanta ya yanke don an rasa hannu na huɗu ba. In ka ga dama ka ci gaba da ce musu hankaki, amma ka ƙirga da yayarka. Zumunta a ƙafa take, jirgin da zai kai ni shi ne zai kawo ka. Ka zo da yara lokacin ɗora dutse a kabarin Imma, ka je ka sumbaci hannun Lalla Yakut, kuma ka shirya jin maganar ƙafar sa, don ta ce ba ta manta wanda ya suɗe tukunya ba.

Ka gai da Kolet, ka ce na gode da hoton yara. Ka sumbatar mini Dani da Nurit. Ka gai da Gwaggo Ledisiya da mijinta, da Ayush in kuna haɗuwa. Kawu Pinhas yana gaishe ka, Izza da Donna ma haka. In wani zai taho, ka aiko mini da tabarau na kusa da allurai masu faɗin ido. Ba sai ka yi gaggawa ba. Jiya na gama hula na kama riga, Yakut ta leƙo ta ga yadda hannuna ke gudu, ta buge mini yatsa, ta ce, “A hankali, 'yar mai tukunya. Wa ya ce miki sauri nake?”

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka da ba ta huce ba tukuna, amma tana ƙaunarka,
Hasiba