Ni Ce Na Miƙa Sunayensu

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari, ina gaida duk masu bibiyar shafin nan. Don girman Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Na san akwai masu zagina, kuma ba zan ce ban cancanta ba, amma ku daure ku karanta har ƙarshe tukuna. Ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana ido da ido.

Ni ɗaliba ce a nan Keffi, ina ajin ƙarshe, ba zan faɗi makarantar ba. Mahaifina ya rasu ina firamare, ƙanin mahaifiyata ne ya ɗauko ni daga Nasarawa ya haɗa ni da 'ya'yansa, bai taɓa nuna mini bambanci ba ko a tsokar nama. Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Mamana. Kawu manaja ne a wani kamfanin mai, kuma su ne suke kawo dizal ɗin janaretocin makarantarmu.

Ina da ƙawa, in kira ta Rifkatu, 'yar Panda ce, tun ajin farko ɗakinmu ɗaya a hostel. Bayan tagarmu babbar janareta take, in aka tayar da ita sai ka ji ɗanɗanon hayaƙi har a harshenka, farin hijabi in na shanya shi ba ya wuni fari. Shekaru biyu a jere babanta ya yi asarar doya, ruwa ya ƙi zuwa a kan lokaci, da ya tashi zuwa kuma ya zo gaba ɗaya ya share kunyoyin. Ita ta fara tara mu a ƙarƙashin bishiyar mangwaro tana yi mana bayanin yadda ƙona mai yake da hannu a wannan rikicewar damina da zafin da ke neman kashe mu. Daga baya muka gano cewa asusun makarantar yana da hannun jari a wannan kamfanin man. Buƙatarmu ba ta da yawa: a janye jarin, a zuba shi a sola, a daina sare bishiyoyi. Muka fara tara sa hannun ɗalibai. Aka naɗa ni sakatariya don ina da tsari, komai aka faɗa sai na rubuta. Wallahi da zuciya ɗaya na shiga. Abin da ban taɓa faɗa musu ba shi ne inda Kawu yake aiki. Kullum sai in ce gobe zan faɗa, kullum sai kunya ta hana ni.

Wata Juma'a na je gida, bayan an sauko daga masallaci, Kawu ya ga takardar da muke rabawa a cikin littafina. Ya karanta ya yi dariya ya ce, "Au, Mamana, ashe ku ne za ku kashe mana kasuwa?" Na sunkuyar da kai, ina jiran faɗa. Bai yi faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zaunar da ni ya ce, "Kin san direbobin tanka nawa ne suke ciyar da iyali da aikin nan? Kin san masu gadi nawa? Ni ba na son a taɓa ɗan kowa. So nake in zauna da manyanku in yi musu bayani kamar 'ya'yana. Su waye?" Anti, na buɗe littafin taro na ɗauki hoton shafin sunaye na tura masa. Sunaye, lambobin waya, sashen karatu, har garin da kowa ya fito. Na yarda da maganarsa kuwa? In zan faɗi gaskiya, rabi da rabi. Abin da ban iya jurewa ba shi ne in ga fuskarsa ta canza a kaina. Kuma ba sau ɗaya ba ne, a nan ne kunyata take. Duk bayan taro sai ya kira ya ce, "Mamana, me aka tattauna?" ni kuma in tura. Sau biyar.

Sati biyu shiru. Sai wata rana muna fitowa daga lakca wayar Rifkatu ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Ina tsaye kusa da ita ina jin muryar, namiji ne, cikin ladabi kamar mai gaida suruka. Ya tambaye ta karatu, ya tambaye ta jikin Baba, ya ce ya ga tsohon yana zuwa gona shi kaɗai a kan keke, hanyar kuwa ba mutane, ya kamata a riƙa raka shi. Sannan ya maimaita mata wata magana da ta yi a taronmu, kalma da kalma, yadda na rubuta ta da hannuna. Ta kashe wayar ta kalle ni ta ce, "Akwai mai kai maganarmu." Na ce, "Innalillahi, wa zai yi haka?" Bakina ne ya faɗi wannan. Wace irin mutum ce ni?

Daga nan abubuwa suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗan ƙungiyarmu, babansa ma'aikacin gwamnati ne, ogansa ya kira shi ofis ya ce ya ja wa ɗansa kunne. Wata aka je shagon mamanta aka zauna ba a sayi komai ba, aka tafi aka bar mata gaisuwa. Mutane suka fara ficewa daga guruf ɗinmu ba sallama. Sai ga takardar ƙorafi marar suna an kai wa makaranta, wai Rifkatu wasu ne daga waje suka ɗauke ta haya don ta tayar da tarzoma. Yanzu haka kwamiti na bincikenta, ba mu san ko za a bar ta ta rubuta jarrabawar ƙarshe ba. Ita ce ta farko a gidansu da ta kai wannan matakin.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Ayuba. Ɗan ajinmu ne, yana aikin zuba mai a wani gidan mai ranakun Asabar da Lahadi don ya riƙe kansa, kuma bai taɓa ɓoyewa ba, shi ya ma fi kowa yawo da takardar sa hannu. Da aka fara neman munafuki sai duk ido ya koma kansa. Aka tsayar da shi a tsakiyar taro, wannan ya faɗa wancan ya faɗa. Idonsa ya yi ja ya ce, "Abeg, ku tambayi Sakatariya, ita ta san aikin da na yi wa ƙungiyar nan." Kowa ya juyo ya kalle ni. Na kafa ido a kan littafi, ban ce uffan ba. Aka kore shi. Bayan kwana uku wasu suka tare shi a bakin tasha suka watsa masa baƙin mai, suka fasa masa leɓe. Ya daina zuwa lakca. Makon jiya na haɗu da shi a kasuwa, na so in kauce, ya riga ya gan ni. Ya ce, "Sakatariya, na gode. Ke kaɗai ce ba ki zage ni ba ranar."

Na samu Kawu na ce, "Kawu, ka ce zama za ka yi da su." Yana juya carbi ya ce, "Na miƙa wa na sama da ni ne kawai, Mamana. Ban san haka za su yi ba. Yanzu abin ya fi ƙarfina." Tun da nake ban taɓa ganin tsoro a idon Kawu ba sai ranar.

Talatar nan da la'asar na dawo gida na tarar da wata farar mota mai baƙin gilashi a ƙofa. A falo wani mutum ne zaune a kujerar da ba mai zama sai Kawu, shi kuma Kawu yana tsaye. Da ya buɗe baki na gane muryar wayar nan. Ya kira ni da cikakken sunana har da lambar rajistata, ya ce, "Sakatariya, mun gode da aiki." Ya riga ya san cewa ran Litinin za mu miƙa sa hannun ga hukumar makaranta, kuma ran Asabar mu huɗu da muka rage a shugabanci za mu haɗu a wajen makaranta mu shirya. Abin da bai sani ba shi ne wurin. Ya ce in faɗa masa gidan, kuma in kawo takardun. Na ce me za a yi musu? Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, wasu ne za su je su gaishe su." Sannan ya juyo mini da wayarsa, ga duk saƙonnin da na tura wa Kawu, da lambata, da hotona a sama. Ya ce, "Dannawa ɗaya zan yi ya shiga guruf ɗinku. Kin ga abin da suka yi wa wanda bai yi komai ba, to bare ke. Kawunki kuma ya san abin da ke gabansa." Ya ba ni zuwa Juma'a bayan masallaci.

Gidan da za mu haɗu a Jigwada yake, na wata yayar Rifkatu ne, tana da ciki wata bakwai. Jiya Rifkatu ta same ni da jaka a hannu, ta ce tana tsoron a fasa ɗakinmu na hostel, gara in ajiye ta a gida. Takardun ne gaba ɗaya, aikin wata takwas. Ta damƙa mini ta ce, "'Yar'uwa, ke kaɗai na yarda da ke yanzu." Suna nan a ƙasan akwatina. Tun ranar Talata kuma akwai wani mashin da ke tsayawa a bakin layinmu, mutum biyu a kai, ba sa ɗaukar fasinja, ba sa magana da kowa. In na fita su bi ni da ido, in na dawo suna nan.

In na faɗa wa Rifkatu gaskiya, zan wanke Ayuba, su canza wuri, amma da wane ido zan kalle ta? Kuma mutumin nan zai gane daga ina labari ya fita, me zai yi wa Kawu, da matarsa da ta raine ni? In na je wurin hukuma, da wace shaida, ni da ko sunansa ban sani ba, shi kuwa ya san nawa har lamba? In na ba shi wurin ƙarya, kwana nawa zan saya? In kuma na ba shi na gaskiya aka taɓa mai cikin nan, ina zan kai wannan gaban Allah? Abinci ya daina shiga, sallah ma in na tayar sai in manta raka'a nawa na yi.

Yau Alhamis. Don Allah Anti, don Allah jama'a, ku zage ni daga baya, yanzu dai ku ba ni amsa. Me zan yi?