Mai Neman Takardun Hadiza

Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya iyali? Ƙafar Inna ta yi sauƙi? Mu nan Kebbe lafiya lau, gero ya fara fidda kai.

Maganar ɗiyarka Hadiza ce. Jami'ar nan ta wajenku ta nema, kuma makinta ya yi kyau. To shekaranjiya wani mutumin Dogon Daji, wai shi Malam Bello, ya zo har gida bisa babur. Ya ce, "Hajiya, can ba su ɗaukar baƙi sai 'yan jiha sun gama shiga. Ki ba ni takardunta na asali da lambar sirrinta ta neman shiga jami'a, in samo mata shaidar 'yar can ce."

Na ce, "Wa ya gaya maka ta nema?" Ya yi dariya, ya canza magana. Daga baya nika jin shi ma yana da ɗiya mai neman gurbin nan.

Ban ba shi komai ba. Amma Hadiza ta daina cin abinci, gani take na toshe mata hanya.

Don Allah ka je ofishin jami'ar da ƙafarka ka tambaya ko maganarsa gaskiya ce. A sa mu addu'a, a gaida kowa. Ka kira ni kafin Juma'a, don Malam Bello ya ce ranar zai dawo, kuma ban san ko zan iya sake ce ma Hadiza a'a ba.

Ƙanwarka,
Asabe