Tafi Guda na Filasko

Tawa, 9 ga Rajab 1405

Zuwa ga Yaya Attahir a Abijan,

Bayan sallama irin ta addini, ina gajiya, ina baƙunci? Da fatan kana lafiya, kai da abokan zamanka. Mu nan sai godiya.

Baba ya baro Barmu, yana wurina tun da rumbu ya ƙare. Jar dawar taimako da sojoji ke rabawa muke ci, ita kuwa ba ta karɓe shi ba. Kwana shida bai zaga ba, ciki ya yi tauri, abinci ya fita ransa. Sai na tuna yadda marigayiya Inna ke dafa mana filasko: tafi guda na ganye cikin ƙaramar tukunya, a tace, a sha da ɗumi kamar shayi. Haka na yi mishi. Kafin la'asar ciki ya saki. Yanzu yana cin tuwo, yana salla tsaye, har yana yi wa ɗiyana tsiya wai sun fi akuya ci. Ya ce in riƙa dafa mishi kowace safiya.

A sa mu cikin addu'a.

Ƙanwarka,
Zaliha

Tawa, 4 ga Sha'aban 1405

Yaya Attahir,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta aiki. Allah shi sa wagga takarda ta iske ka cikin alheri.

Akwai laifin da na yi, gara ka ji shi daga gare ni. Baba ya sha shayin nan kwana ashirin a jere. Ciki ya dinga murɗa mishi, gudawa ba tsayawa, alwala ba ta zama. Ranar Talata ya faɗi bakin masallaci, anka ɗauko shi. Majo Illa, ma'aikacin jinya na asibitin unguwa, ya ce ruwan jikinsa ne ya ƙare. Ya ce filasko na kwana ɗaya ne ko biyu, ga mai ƙarfi ma, balle tsohon da ya shekara bai ƙoshi ba. Ya sa mu ba shi ruwan gishiri da sukari.

Da ya tambayi awon da nake yi, nan na gane. Inna ɗanyen ganye take tsinkowa bayan gida. Bana babu kore ko'ina, busasshe dakakke na samu a kasuwa, kuma na cika tafina da shi kamar yadda na ga tana yi. Ashe ya ninka nata uku ko fiye.

Na daina dafawa. Baba bai yarda ba. Ya ce shi ya san cikinsa tun ba a haife ni ba, wai majo yaron jiya ne. Balki maƙwabciyata ta ce in dafa ganyen geza in ce mishi filasko ne. Na kwana biyu ina juya maganar, ban iya ba. Na durƙusa na faɗa mishi ba zan ƙara ba shi ba.

Ka gaida mutanen Adar da ke nan.

Zaliha

Tawa, 12 ga Shawwal 1405

Yaya,

Barka da salla, barka da ruwa. Ina fatan ka sha ruwa lafiya.

Takardarka ta iso, na karanta wa Baba. Ya saurara, da ya ji ka goyi bayana kan hana shi filasko, ya ce kai ma an saye ka.

Tun ranar da na hana shi shayin nan bai ƙara kiran sunana ba. Furata sai in Balki ta miƙa mishi yake sha, ni ke damawa, ya sani. Mun riƙa sa mishi kuka da kuɓewa cikin miya, da ruwa da yawa, ciki ya daidaita a hankali. Azumi goman ƙarshe kaɗai ya samu.

Ruwa ya sauka Barmu, jiya ya koma shuka. A tasha ya sa wa yara albarka ɗaya bayan ɗaya, ya sa wa Balki. Ni ya tsallake ni. Na tambayi malam ko wannan saɓa wa iyaye ne, ya ce a'a. Na ji, amma na fi son in ji daga bakin Baba.

Buhun irin shuka na taimako da anka ba shi, shi ya ɗaga abinsa ya ɗora bisa mota, ya hana kowa taɓawa.

Allah shi haɗa fuskokinmu.

Ƙanwarka,
Zaliha