Bencin Baya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Ni dai ga ni, shugaban makaranta a garin da ba mai kirana sai da "Hedimasta".

A nan, wanda ya zo na ɗaya a jarrabawa shi ke zaman gaba, na ƙarshe a kai shi jikin bango. Na ce wannan ba tsari ba ne, kowane layi ya riƙa matsowa gaba mako-mako. Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da yara ke kira Dutse, don ba ta amsa tambaya. Da layinsu ya zo gaba, sai ga hannunta a sama. Ashe kunnenta ɗaya ne ba ya ji. Shekara huɗu ana zaginta da daƙiƙanci, ba wanda ya tambaye ta ko tana ji.

Iyayen masu ƙoƙari sun kai ƙara, wai na ƙwace wa 'ya'yansu ladan wahalarsu. Mai makaranta ya ce ko in mayar da zaman yadda yake, har da ita, ko in nemi wani aikin. Ban ce mugu ba ne. Idan suka kwashe 'ya'yansu, rufe makarantar zai yi.

A gaida Inna.
Ƙaninka

Auta,

Mun gode Allah. Kai dai tun kana ƙarami ba a raba ka da shiga sharo ba shanu. Benci ka je gyarawa ko aiki ka je yi? Matarka ta kusa haihuwa, Inna ga ciwon ƙafa, ni kuma ka san yadda shago yake. 'Yar mutane tana da iyayenta. Naka 'ya'yan ba su da wani uba sai kai.

Ka yi haƙuri, ka bi umarni.
Yayanka

Yaya,

Na gaishe ka. Na je wa iyayen yarinyar, uban ya ce ba ya son rigima, tunda ta koyi rubuta sunanta ya isa.

Ranar Litinin na shiga ajin na sanar a koma tsohon zama. Sai da na ɗaga murya don ta ji. Ta ji kuwa. Ta ɗauki jakarta ta nufi bango, wani yaro ya ce, "Dutse ta koma gida," aji ya fashe da dariya. Har ita ta yi dariyar.

Ka gaya wa Inna aikin yana nan.
Ƙaninka